Yadda Ake Gano Abin da ke Cinye Batirin Laftof, da Yadda Ake Ja Masa Kwana a Zafin Kebbi

Duk mai aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu ya san awannin da batir zai riƙe su ne awannin aikinsa. Ɗalibin jami'ar Aliero mai rubuta furojet, da mai shagon buga takardu, da malamin makaranta mai haɗa sakamakon jarrabawa, da zarar an ɗauke wuta idon kowa na kan ɗan hoton batirin nan da ke ƙasan allo. To idan laftof ɗin da a da take kai mutum daga azahar zuwa magariba ta koma ko la'asar ba ta kai wa, abin da yawancinmu ke yi shi ne nufar kasuwa neman sabon batir. Ina roƙonka ka dakata tukuna. Mutane da yawa sun zuba kuɗi sun sayo batir, suka dawo gida suka tarar matsalar na nan inda suka bar ta, domin tun farko ba daga batirin take ba.

Ka ɗauki batir kamar randar ruwa. Idan ruwa na saurin ƙarewa a gida, ko dai laka ta taru a gindin randar har ba ta cin ruwa kamar da, ko mai garuwa ba ya cika ta, ko masu ɗiba sun yi yawa. Haka nan ko batirin ne ya tsufa, ko caja ba ta cika shi, ko wani abu a cikin kwamfutar ke zuƙe shi. Akwai na huɗu da ba a cika tunawa da shi ba, wato ma'aunin da ke nuna kashi nawa ya rage yana faɗa maka abin da ba haka ba. Ɗaya ne kawai cikin huɗun nan ke bukatar sabon batir, don haka sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 1: Ka fito da rahoton lafiyar batir

Windows na ajiye tarihin batirinka, kuma fito da shi ba ya cin data. Danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, ka buga Enter. Wani baƙin akwati zai buɗe. A ciki ka rubuta wannan daidai yadda yake, da tazara ɗaya a tsakani:

powercfg /batteryreport

Ka buga Enter. Zai gaya maka ya ajiye rahoto. Kada ka wahalar da kanka da neman inda ya ajiye shi, a nan take ka rubuta start battery-report.html ka sake buga Enter, rahoton zai buɗe a burauzarka. Wannan na aiki a Windows 8 da 10 da 11.

Rahoton na da tsawo, amma wuri ɗaya za ka fara nema, inda aka rubuta Installed batteries. A ƙarƙashinsa akwai lambobi biyu. Design capacity shi ne yawan wutar da kamfani ya ƙera batirin ya ɗauka ranar da yake sabo fil. Full charge capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yau idan ya cika maƙil. Ka raba na biyu da na farko, ka ninka da 100. A ce na farko 45,000 ne, na biyu 27,000, to batirinka na da kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa na asali. Ko da allo ya nuna maka 100, wannan 27,000 ɗin ce ta cika.

Daga nan lissafin awanni ba wuya. Lamba 45,000 ɗin nan na nufin batirin zai iya ba da wat 45 na tsawon awa ɗaya. Idan kwamfutarka na jan wat 10 a aikin rubutu, sabon batir zai kai ka awa huɗu da rabi. Mai 27,000 kuwa awa biyu da minti arba'in da 'yan kai zai yi, idan ka ƙure hasken allo ka kunna bidiyo jan ya kai wat 20, ko awa ɗaya da rabi ba zai cika ba. Ka ga ke nan abu biyu ne ke yanke tsawon lokacin: girman abin da batir ya ɗauka, da saurin da ake ɗibarsa.

A ganina, batirin da ke da kashi 80 zuwa sama lafiyarsa lau, ka nemi matsalar a wani wuri. Daga 60 zuwa 80 ya manyanta amma zai yi maka aiki idan ka lallaɓa shi. Wanda ya sauko ƙasa da 50, fara tara kuɗin sabo.

Akwai lamba ta uku, Cycle count, wato yawan zagayen da batirin ya yi. Zagaye ɗaya shi ne a sha kashi 100 na batir, ko a zama ɗaya ko a rarrabe: ka sha 50 yau ka cika, ka sha 50 gobe, zagaye ɗaya ke nan. Galibin batiran laftof sukan fara nuna gajiya bayan zagaye 300 zuwa 500, kamfanin Apple kuwa ya ce na MacBook na zamani an yi su ne su kai 1,000 suna riƙe da kashi 80. Wasu kwamfutocin ba sa nuna wannan lamba, sai ka ga wurin babu komai, ba matsala ba ce. Mai MacBook zai ga nasa idan ya riƙe maɓallin Option, ya danna hoton tuffa a kusurwar allo, ya shiga System Information, sannan Power.

Wannan gwaji ya fi amfani ga mai shirin sayen laftof 'yar kwatano. Yawancin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ke shagunanmu sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Jiki na sheƙi, amma batir ya sha aiki. Minti biyu ya ishe ka ka ga gaskiyarsa a gaban mai shago, kuma lambar da ka gani hujja ce ta neman ragi. Sai dai a kula, wasu batiran jabu sukan nuna lambobi masu kyau da ba su yi daidai da abin da ke cikinsu ba, don haka bayan rahoto ka cire caja ka duba agogo, ka ga kashi nawa ya sauka a minti goma sha biyar.

Mataki na 2: Idan tana mutuwa alhali da saura

Wata laftof za ta nuna saura kashi 35, kana tsakiyar rubutu ta ɗauke ɗif. Abu biyu ke kawo haka. Ko ma'aunin da ke cikin batirin ya rikice saboda ya daɗe bai ga batirin ya cika ya ƙare ba, ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin batirin ta mutu.

Ga yadda ake daidaita ma'aunin. Ka sa caji har ya kai 100, ka bar shi a jone kamar awa biyu bayan nan. Sai ka cire, ka yi ta aiki mara nauyi har kwamfutar ta mutu da kanta. Ka adana aikinka kafin lokacin. Ka bar ta ta huta 'yan awanni, sannan ka sa caji ba tsayawa har ya cika. A wurinmu wannan na ƙarshen ne mai wuya, sai ka daidaita shi da lokacin da ka san wuta na zama, ko ka kai ta inda ake da sola. Wannan aiki ba ya ƙara wa batir ƙarfi ko kaɗan, ma'auni kawai yake gyarawa, kuma sau ɗaya a wata uku ya isa. Idan ka yi haka amma ta ci gaba da ɗaukewa a wuri ɗaya, ƙwaya ce ta mutu, batir ya gama.

Mataki na 3: Caja da wutar da kake sa mata

Juya cajarka ka karanta rubutun bayanta, ka kwatanta da wanda ke ƙarƙashin laftof ɗin. Bolt dole ya zo ɗaya. HP da Dell galibi 19.5 ne, Lenovo 20. Wat kuwa, ko dai daidai da abin da kwamfutar ke so, ko ya fi. Idan tana son wat 65 ka ba ta caja mai 45, za ta yi caji a hankali, ko ta ƙi yi sam idan kana aiki mai nauyi, har ka ga batir na sauka alhali caja na jone. Caja mai wat 90 ba ta cutar da kwamfuta mai son 65, iya bukatarta take ja. Masu laftof mai cajin USB-C su sani kan cajar waya na yau da kullum ba ya isar ta, ko da bakin ya shiga.

Cajar HP da Dell na da wata siririyar allura a tsakiyar bakinta. Ta nan kwamfuta ke gane irin cajar da aka sa mata. Idan allurar ta karye ko ta lanƙwashe, Dell musamman za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, wani lokaci ma ta rage gudu. Mai Dell ya kashe kwamfutarsa, ya kunna yana danna F2, ya duba inda aka rubuta bayanin batir. A nan zai ga lafiyar batirin da wat ɗin cajar. Idan ya ga Unknown a gaban caja, laifin caja ne ko ramin da take shiga. Mai HP ya danna Esc lokacin kunnawa, sannan F2, akwai gwajin batir da na caja a ciki. Hanya mafi sauƙi dai ita ce ka ari cajar aboki mai irin kwamfutarka ka gwada.

Idan caja lafiya take amma batir ya ƙi motsi, gwada abu biyu. Kashe kwamfutar, cire caja, cire batir idan mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da komai. Idan bai yi ba, shiga Device Manager, wato wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfutar, buɗe Batteries, danna dama a kan Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery, ka zaɓi Uninstall device, ka sake kunna kwamfutar. Windows za ta mayar da shi da kanta. Wanda kuma batirinsa ke tsayawa cak a 60 ko 80 kullum, kada ya tsorata, mai yiwuwa wani saiti ne na kare batir aka kunna, zan zo kansa.

Cajar nan mai baki goma da ake cewa tana yi wa kowace laftof, ni dai ba na ba kowa shawarar ta. Araha ba ta ado, kuma kuskuren bolt ɗaya na iya ƙona abin da ya fi batir tsada. Maganar wutar gida kuwa, cajar asali na karɓar daga bolt 100 zuwa 240, an rubuta a jikinta, shi ya sa wuta mara ƙarfi ba ta cika damun ta ba. Abin tsoro shi ne wutar da ke tashi sama farat ɗaya: lokacin da aka dawo da ita, da lokacin da ƙaramin janareta ke tashi ko yake shure-shuren ƙarewar mai, da lokacin tsawa a damina. Ka bari wuta ta zauna minti biyu ko uku kafin ka jona, ka cire kafin a kashe inji, hadari ya haɗu kuma ka zare daga bango.

Mataki na 4: Su wa ke shan wutar?

Idan rahoto ya nuna batir na da ƙarfi, caja ma lafiya, to masu ɗiba ne suka yi yawa. A Windows 11 ka shiga Settings, System, Power & battery, sannan Battery usage. A Windows 10 yana ƙarƙashin System, Battery. Za ka ga jerin manhajojin da suka fi shan batir. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Duba layin CPU, wato furosesa, ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikin kwamfuta. Kwamfutar da ba ka aikin komai da ita bai kamata ta zauna a kashi 30 ko 50 ba. Idan fanka na ta ihu alhali ko takarda ba ka buɗe ba, wani abu na aiki a ɓoye.

Waɗanda aka fi kamawa su ne burauza mai shafuka ashirin a buɗe, da manhajar kashe bairos guda biyu suna kokawa da juna, da tarkacen da ke tashi tare da kwamfuta. Na ƙarshen nan ka same su a sashen Startup na Task Manager, ka kashe duk wanda ba ka bukatar ya tashi da kansa. Maganin bairos kuwa, wanda ya zo a cikin Windows 10 da 11 ya ishi yawancin mutane. Wani abin da ya kamata a faɗa ƙarara shi ne manhajojin sata da ake turawa a filashi daga hannu zuwa hannu. Wasunsu na zuwa da ɓoyayyun shirye-shirye da ke sa kwamfutarka yi wa wani can aikin haƙar kuɗin intanet, ita tana zafi, batirinka na ƙonewa. Idan ka ga wani suna da ba ka sani ba ya riƙe CPU dare da rana, a kai wa mai gyara ya cire wa kwamfutar waɗannan ɓoyayyun shirye-shirye.

Allo na daga cikin manyan masu sha. Rage haske zuwa inda idonka zai iya karatu ba wahala, a cikin ɗaki rabi ko ƙasa da haka ya isa. Kashe fitilar madannai da rana, kashe Bluetooth, kashe Wi-Fi idan rubutu kawai kake yi. Sa Power mode a Best power efficiency, ka kunna Battery saver (sababbin Windows 11 na kiransa Energy saver) da kanka tun daga lokacin da aka ɗauke wuta. A Windows 10 sai batir ya sauko kashi 20 yake tashi da kansa, lokacin kuwa an riga an sha mafi yawa. Idan da wayarka ko MiFi kake shiga intanet, ka shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection, hakan zai rage saukar da manyan sabuntawa a bayan fage, ka tsira da data da batir gaba ɗaya. Lacca ko wa'azi ko ƙwallo, saukar da bidiyo lokacin da akwai wuta ka kalla daga baya ya fi kallonsa kai tsaye sauƙi a kan batir.

Sai babbar al'adarmu, cajin waya a jikin laftof. Waya mai batir 5,000 mAh na ɗaukar kusan wat-awa 19, wato wat 19 na tsawon awa ɗaya, ban da abin da ke salwanta a hanya. A batirin misalinmu mai wat-awa 45 wannan ya kusa rabi. A tsohon nan mai 27, waya ɗaya ta kwashe fiye da kashi biyu cikin uku. Wasu laftof ma na da ramin USB mai ba da wuta ko an kashe su, Dell na kiransa PowerShare, Lenovo na kiransa Always On USB, shi ya sa mutum zai cika kwamfutarsa ya rufe ya fita, ya dawo ya tarar ta yi rabi, ƙannensa kuma wayoyinsu sun cika. Ana kashe shi a saitin BIOS, wato allon saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, kamar na F2 a Dell. Idan gidan na bukatar cajin waya, fawa-banki ya fi sabon batirin laftof araha nesa ba kusa ba.

Rufe murfi ma ba kashewa ba ne. Barci kawai take shiga tana shan wuta kaɗan-kaɗan, wasu sababbin ma sukan farka a cikin jaka su yi zafi ƙwarai. Idan za ka bar ta fiye da awa ɗaya, ka yi Hibernate, wanda ke adana aikinka yadda ka bar shi ya kashe ta gaba ɗaya. Idan ba ka gan shi ba, shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, danna Change settings that are currently unavailable, ka yi wa Hibernate alama. Mai tsohuwar kwamfuta da ke da faifan ajiya mai juyawa, canza shi zuwa SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta juyawa, na rage shan wuta, kuma aikin da ke cin minti biyar zai koma daƙiƙu.

Mataki na 5: Zafi, wanda shi ne ainihin matsalarmu

Duk abin da ya gabata na ƙara maka awanni ne a yini. Shekarun da batir zai yi kuwa, a ƙasarmu zafi ne ke yanke su. Batirin lithiyam na lalacewa a hankali ko ana amfani da shi ko ba a yi, amma abu biyu ke gaggauta lalacewar: zafi, da zama a cike maƙil. Idan suka haɗu ɓarnar ta fi yawa, kuma abin da zafi ya cinye ba ya dawowa. Apple ya ce a yi aiki da MacBook a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ranar Birnin Kebbi kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa kowa ya san yadda yake da azahar. Wato tun ba a kunna kwamfutar ba mun wuce iyaka, sannan ita ma ta ƙara nata zafin, caji ya ƙara nasa.

Ba mu da ikon canza yanayi, amma da yawa daga cikin ɓarnar da hannunmu muke yi. Laftof na shaƙar iska ta ƙasa ta fitar ta gefe ko baya. Ɗora ta a kan katifa, ko filo, ko darduma mai kauri, toshe mata hanci ne. A sa ta a kan tebur ko faranti mai faɗi ko katako, a ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. Kada a bar ta a cikin mota a rana ko na ɗan lokaci, kada a ajiye jakarta a bakin taga. Wanda ya goyo ta a babur daga Kalgo zuwa cikin gari da tsakar rana ya bar ta ta huce kafin ya sa caji. Caji a cikin jaka ko ƙarƙashin filo don gudun yara, a daina. Idan kana da zaɓi, ka yi caji da dare ko da sassafe, aiki mai nauyi irin haɗa bidiyo ma ka kai shi lokacin da gari ya yi sanyi, kuma ka guji haɗa shi da caji a tsakiyar rana.

Ƙurar hunturu na shiga ta taru a fanka da ramukan iska har ta zama kamar auduga. Lokacin da ya fi dacewa a buɗe a share shi ne ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu, kafin zafi ya kankama. Ka kai wa mai gyara ka ce, "Malam, a buɗe a share mani fanka, a duba man da ke kan furosesa ko ya bushe." Man nan shi ke kai zafi daga furosesa zuwa ƙarfen da ke sanyaya ta, idan ya bushe kwamfuta na zafi ko fanka na juyawa. Kuɗin wannan aiki bai kai na batir ba ko kusa.

Masu cewa a sa batir a firij ya farfaɗo, kada ka saurare su. Raɓa ce za ta shiga cikinsa.

Mataki na 6: Maganar kashi 20 zuwa 80

Za ka ji ana cewa kada a bar batir ya sauka ƙasa da 20, kada kuma ya wuce 80. Maganar na da tushe, a tsakiyar nan batirin lithiyam ya fi samun sauƙi. Amma shawara ce da ta fi dacewa da wanda wuta ba ta yanke masa. Mutumin da bai san yaushe za a sake kawowa ba, a ce ya tsaya a 80, an rage masa kashi ɗaya cikin biyar na aikinsa ke nan. Don haka ni ga yadda nake raba ta.

Idan kwamfutarka na zaune a ofis ko shago mai sola ko inbata, kullum a jone, to lallai ka sa mata iyaka. Lenovo na da Conservation mode a manhajar Lenovo Vantage. Dell na da Primarily AC use a BIOS, ko ka sa iyakarka da kanka a Custom. HP EliteBook da ProBook na da Battery Health Manager a BIOS, ana shiga da F10, a zaɓi Maximize my battery health, ya tsaya a 80. ASUS na da shi a MyASUS, MacBook na da Optimized Battery Charging. Kwamfutocin da ke kwana su wuni a 100 cikin zafi su ne batirinsu ke saurin kumbura.

Idan kuwa da batir kake rayuwa, cika shi 100 duk lokacin da ka samu wuta, ba laifi, tun da za ka fara sha nan da nan. Abin da za ka kiyaye shi ne ƙasan. Ka tsaya a 15 ko 20 ka yi Hibernate, kada ka saba matse shi har ya mutu, kada kuma ka bar shi a sifili kwana da kwanaki. Batirin da ya daɗe a sifili na iya faɗawa ƙasa da iyakar da na'urar tsaronsa ke yarda da ita, ta kulle shi, ya ƙi karɓar caji har abada. Caji na minti ashirin idan wuta ta leƙo ba ya cutar da shi. Batun cewa sai an ƙarar da batir kafin a sa caji, ko sabon batir sai ya yi awa takwas a wuta, gado ne daga tsofaffin batiran nikel. Na lithiyam, wanda Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba ya bukatar haka.

Wasu na cire batir su yi aiki da caja kaɗai don su adana shi. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ban ga hikimar haka ba, batirin ne ke tare maka aikinka da faifan ajiyarka idan ta yanke. Wanda zai yi tafiya ko hutun makaranta ya bar laftof a gida, ya bar ta a wajen kashi 50, a kashe gaba ɗaya, a ɗakin da ya fi sanyi, a riƙa duba ta duk wata ɗaya ko biyu.

Batir mai kumburi, da sayen sabo

Idan ka ga wurin da kake jan yatsa ya ɗago, ko ya ƙi dannuwa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko laftof ta daina zama daidai a kan tebur, batir ya kumbura. Iskar gas ce ta taru a cikinsa. Ka cire caja nan take, ka kashe, ka daina amfani da ita har a cire shi. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai iska ta fita, yana iya kamawa da wuta. Bayan an cire, a sa shi a gwangwani mai yashi nesa da yara da kayan da ke cin wuta, a mayar wa mai gyara. Kada a jefa shi a juji, domin a unguwanninmu ƙona shara ake yi, yara kuma na wasa a wurin.

Wajen sayen sabo, lambar da ke jikin tsohon batirin ita ce abin nema, sunan kwamfuta kaɗai ba ya isa. Misali HP EliteBook 840 G3 batirinta CS03XL ne. Ka ɗauki hoton tsohon, ka kwatanta lamba da bolt da wat-awa. Duba ranar da aka ƙera shi idan an rubuta, batirin da ya shekara biyu a kan kanta cikin zafin shago ya fara tsufa tun ba a buɗe shi ba. Ka tambayi mai shago kai tsaye ko na asali ne, ko na kamfanin da ke kwaikwayo, ko wanda aka ciro daga wata kwamfuta, domin ukun duk suna kasuwa kuma kuɗinsu bai kamata ya zo ɗaya ba. Tsofaffin batirai masu cirewa akan fasa su a canza ƙwayoyin ciki, amma idan aka haɗa sabuwar ƙwaya da tsohuwa, mai raunin ce ke ja da sauran ƙasa, kuma akwai haɗarin gobara idan aikin bai yi kyau ba.

Ka tafi da laftof ɗinka shagon, a sa batirin a gabanka, ka sake buga powercfg /batteryreport. Full charge capacity ya kamata ya zo kusa da Design capacity. Ka nemi a rubuta maka garanti a rasit da kwanan wata, ko na wata ɗaya ne, sannan a makon farko ka cika shi ka yi aiki da shi kana duba agogo, don idan da matsala ka mayar tun wa'adin bai cika ba.